Ƙullin Kaya A Jugu: Daga Huhun Goro Zuwa Leda Mai Tambari

Tun zamanin da fatake ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, garin Jugu, wanda suke kira Zugu, zango ne, kuma kowa ya san goron da aka yi wa huhu mai kyau shi ke isa gida da daraja. Yau man kaɗanya da kashu da zuma da garin rogo ne ke fita daga nan zuwa kasuwar Arziki ta Paraku, amma maganar ƙulli tana nan.

Abin da ya sauya shi ne yanzu ƙaramin ɗan kasuwa ma zai iya. Da injin liƙe leda na hannu, da leda marar rubutu, da takardar mannawa da ake bugawa a shagon kwamfuta, mutum zai fitar da kaya ɗaya a fuska uku. Man kaɗanya a bokiti na masu yin sabulu ne. Wannan man dai a ƙaramar roba mai murfi da suna, matan birni ke saye, kuɗinsa daban.

Manyan kamfanonin Legas da Kwatano suna buga tambari a jikin ledar, ya fi kyau ba shakka, sai dai ba sa karɓar aiki kaɗan. Mu dai a ganinmu nan tarkon yake. Wanda ya zuba jarinsa a leda mai Turanci don Nijeriya ya ga yadda aka rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disambar 2020, sannan a 2023 hanyar Malanbil zuwa Gaya ta toshe. Mai takardar mannawa kuwa sai ya buga wata da Faransanci ya sayar a gida.

A kula da doka. Tun Disambar 2017 Jamhuriyar Benin ta haramta ledar da ba ta ruɓewa, ko da yake har gobe tana yawo a kasuwa. Abincin da aka ƙulla aka sa wa suna kuma, Nijeriya na neman lambar NAFDAC a jikinsa, kuma buga ta bogi jawo wa kai ƙwace kaya ne.

Shi kashu iska ce makiyinsa. In liƙin bai kama ba, kafin ya isa Kano ya yi laushi, ɗanɗanonsa ya juya.