Rumfar Aro A Intanet: Sabuwar Hanyar Talla A Yola Da Jimeta

Tun kafin a san mota a ƙasar Adamawa, hanya ce take kawo wa Jimeta arziki. Modibbo Adama ya kafa Yola a shekarar 1841, amma bakin Kogin Binuwai ne ya zama matattarar fatake, inda jiragen ruwa na kamfanonin Turawa sukan iso da damina in kogi ya cika, su sauke gishiri da yadi, su ɗauki gyaɗa da auduga. A wancan zamani, wanda rumfarsa take kusa da bakin ruwa shi ne mai ciniki. An daɗe da daina ganin waɗannan jirage, amma ga wata sabuwar hanya ta buɗe wadda ba ta jiran damina, watau intanet.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001. A 2016 kamfanin Facebook ya sa Hausa da Fillanci cikin harsunan da ake amfani da su a shafinsa, watau manyan harsuna biyu na ciniki a Yola. Sa'an nan a 2018 aka fito da WhatsApp Business domin ƙananan 'yan kasuwa. A halin yanzu matar aure tana daga cikin ɗakinta a Yola za ta ɗauki hoton turaren wuta ko atamfa ta sa a waya, mai saye a Abuja ko Kano ya gani, ya tura kuɗi ta banki, ita kuwa ta aika yaro tashar Jambutu ya danƙa wa direba saƙo. Haka ma masu kifi banda da kilishi da teloli.

To, amma hanyoyin tallan iri biyu ne, kuma ya kamata ɗan kasuwa ya san bambancinsu. Dandalin sada zumunta, irin su Facebook da Instagram da TikTok, kamar mai talla ne da ya ɗauki faranti yana bin unguwa. Mutane ba kaya suka zo nema ba, hira suka zo yi, sai in hoton ya ja hankalinsu za su tsaya. Wanda ya biya kuɗin talla yana iya zaɓar waɗanda za a nuna wa hajarsa, ga misali mata masu shekara 20 zuwa 40 mazauna Yola da kewaye, ya kuma ƙayyade abin da zai kashe a kowace rana.

Shi kuwa shafin bincike, irin su Google wanda jama'a suke kira matambayi ba ya ɓata, kamar ɗan jagora ne a bakin kasuwa. Baƙon da ya sauka a filin jirgin saman Yola, ko ɗalibin da ya zo Jami'ar Modibbo Adama ko Jami'ar Amurka ta Nijeriya, in yana neman masauki ko mai gyaran waya, sai ya rubuta bukatarsa a nuna masa na kusa da shi. Wannan mutum ya riga ya yi niyyar saye. Sa shago a taswirar Google kyauta ne. Abin da ake bukata shi ne sunan shago, da unguwa, da lambar waya, da lokacin buɗewa da rufewa, sa'an nan kamfanin ya tabbatar cewa wurin yana nan. Daga nan kuma shaidar da masu saye suka rubuta tana cikin abin da ke ɗaga shago sama ko ta mai da shi baya. Wanda ya tsaya ga WhatsApp kaɗai, waɗanda suke da lambarsa ne kawai za su san da shi.

Duk da wannan amfani, akwai abin da bai kamata a manta ba: rumfar intanet rumfar aro ce, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Mutanen Adamawa sun ga haka da idonsu. A watan Mayu na 2013, da Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Adamawa da Borno da Yobe, an katse layukan waya, ba a maido da su a Adamawa ba sai a watan Yuli. Har ila yau, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, a ƙasar baki ɗaya. Ranar 4 ga Oktoba 2021 kuwa, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya duka na kimanin awa 6. Wanda duk abokan cinikinsa suke cikin shafi guda, ranar da aka rufe shafin ya tashi ba kasuwa.

Bugu da ƙari, ga mazambata. Wani zai bugo waya ya ce a karanto masa lambobi 6 da aka turo, da zarar an ba shi sai ya ƙwace WhatsApp ɗin ɗan kasuwa, ya shiga karɓar kuɗin jama'a da sunansa. Wani kuma zai turo saƙon banki na jabu, ya kwashi kaya ya ɓace. A ɓangaren masu sayarwa ma akwai masu nuna hoton wani kaya su aika da wani. Irin wannan ha'inci ba mutum ɗaya yake ɓata wa suna ba, domin wanda aka cuta sau ɗaya da wuya ya sake tura kuɗi garin da bai san kowa ba.

Saboda haka dabara ita ce ɗan kasuwa ya riƙe abin da yake nasa. Ya tanadi littafi ya rubuta sunayen abokan cinikinsa da lambobinsu, ya raba tallarsa a dandali fiye da ɗaya, ya sa wa shafinsa lambar sirri ta biyu, kada kuma ya saki kaya sai ya duba asusunsa ya ga kuɗi sun shiga. Ya kamata kuma shugabannin 'yan kasuwar Jimeta su haɗa kai da jami'o'in da ke garin, a shirya wa masu rumfuna da mata masu sana'a a gida bita cikin Hausa da Fillanci.

Jirgin ruwa ya zo ya wuce, watakila wata rana Facebook ma ya wuce. Abin da fataken bakin Binuwai suka ci kasuwa da shi, shi ne har gobe jarin mai talla a waya: a ba mutum abin da aka nuna masa, a kuma cika alkawari a kan lokaci.