Kundin Bincike: Tambaya Ɗaya, Babi Biyar

Da zarar zangon ƙarshe ya gabato, shagunan buga takardu da ke bakin jami'o'i da kwalejojin ilimi sai su cika maƙil da ɗaliban ajin ƙarshe, kowa riƙe da filash, kowa zancensa furojet. A sassan da ake nazarin Hausa a jami'o'i irin su Bayero da ke Kano, da Ahmadu Bello da ke Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kundi ake ce masa, kuma da Hausa ake rubuta shi.

Yawancin makarantunmu babi biyar suke nema: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, bayanin abin da aka samo, sai kammalawa da shawarwari. Wannan kowa ya haddace. Abin da ake mantawa shi ne babobin nan tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya, wato tambayar da ka yi a babi na ɗaya. Duk shafin da bai taimaka wajen amsa ta ba, cire shi, ko da kwana uku ka yi kana rubuta shi.

A babi na biyu aka fi yin ɓarna. Ɗalibi zai kwaso maganganun masana ya jera su kamar tumatir a faranti, wane ya ce, wane ma ya ce, shafi ashirin ba a ji muryarsa ba. Alhali abin da ake so ya nuna shi ne inda magabata suka tsaya, inda suka saɓa wa juna, da giɓin da suka bari wanda aikinsa zai cike. Wani kuma ko sunan mai maganar ba zai ambata ba. Abin mamaki ne a ce mu, da muka tashi muna jin yadda malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai da isnadi, mu ne za mu ɗauki maganar mutum mu haɗiye sunansa. Salon APA da sassa da yawa ke bi, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, isnadi ne kawai cikin wata riga: sunan marubuci, shekara, da shafi idan kalmominsa ka ɗauko.

Satar fasaha kuwa takan bi mutum har bayan ya zama wani. A 2011 Jami'ar Bayreuth da ke Jamus ta ƙwace digirin digirgir na ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, bayan an gano ya kwafi ayyukan wasu bai ambace su ba, kuma bai daɗe ba ya sauka daga muƙaminsa. Yau ga manhajoji irin su Turnitin da ke gwada rubutunka da abin da ke intanet. Masu jingina da manhajojin ƙirƙirarriyar basira su ma su yi hattara, domin sukan ƙago sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. Littafin da idonka bai gani ba, kada ya shiga manazartarka.

Babi na uku gaskiya kawai yake buƙata. A ce ɗaliba tana nazarin waƙoƙin niƙa a ƙauyensu. Sai ta faɗi mata nawa ta zanta da su, a wace unguwa, a wane wata, da waya ta naɗi muryarsu ko da biro ta rubuta. Idan takardun tambayoyi 100 ka raba, 63 suka dawo, rubuta 63. Malami mai duba aiki ya fi yarda da wannan a kan ɗari cif da aka cike a ɗakin kwana da biro kala uku.

Haka nan a babi na huɗu. Idan abin da ka samo ya saɓa wa hasashenka, binciken bai lalace ba. Sau da yawa ma nan ne daɗinsa. Faɗi abin da ka gani, sannan ka yi bayanin dalilin da kake ganin ya jawo haka. Shawarwari kuma su fito daga sakamakon. Ni dai na gaji da karanta cewa gwamnati ta shigo cikin lamarin, ba a faɗi wace hukuma ba, ba a faɗi abin da za ta yi ba.

Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin gaba ɗaya, duk da a farko yake zama, a ƙarshe ake rubuta shi. Kafin ka kai aikin a ɗinke, sa wani da ba fanninku ɗaya ba ya karanta tsakuren, ka tambaye shi me ka gano. Idan ya kasa faɗa, koma ka gyara, domin tambayar da za ka fuskanta ke nan ranar kare kundi. Kuma don Allah tura wa kanka kwafi ta imel yau, kada ka dogara da filash ɗaya.