Yawan kifin-ƙadangare a cikin koma: me yake nunawa?

Kifin-ƙadangare (Saurida) yana zama ne a kan rairayin ƙarƙashin teku, daidai inda jiragen jan koma suke sharewa. A arewa maso yammacin Ostareliya, jiragen Taiwan sun yi ta jan koma a shekarun 1970 da 1980. Komar ta tumɓuke soson teku. Kifaye masu tsada, wato Lethrinus da Lutjanus, suka ragu, Saurida kuwa ya ƙaru, domin filin rairayi ya faɗaɗa.

Saboda haka, a ganinmu, nauyin kamu kaɗai ba ya nuna lafiyar wurin su. Sai an auna tsawon kifayen: in galibinsu ba su isa yin ƙwai ba, to Saurida ma an soma cinye irinsa.