Maƙoƙo da taɓin hankali: matsalar suna tsakanin majinyaci da likita

1. Gabatarwa

A halshen hausa, maƙoƙo ciwon wuya ne, hauka kuwa ciwon kai ne, ko aikin iskoki. Bahaushe ba ya jera kalmomin nan biyu a rukuni ɗaya. Amma binciken likita ya nuna cewa wani lokaci tushensu guda ne. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu bayyana yadda rashin wani sinadari cikin abinci ke kaiwa ga taɓa hankali, sa'an nan mu duba yadda sunan da aka laƙaba wa ciwo ke zaɓar wa majinyaci inda za a kai shi neman magani.

2. Daga gishiri zuwa ƙwaƙwalwa

A gaban wuya, ƙarƙashin maƙogwaro, akwai wani ɗan nama da ake kira tiroyid. Aikinsa shi ne sarrafa ormon, wato sinadaran da jini ke ɗauka ya kai saƙo ga gaɓoɓi. Ormon ɗin tiroyid iri biyu ne, T4 da T3, kuma su ke daidaita saurin aikin zuciya, da hanji, da ƙwaƙwalwa. Ba su haɗuwa sai da iyod. Bisa ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya, babban mutum na bukatar mikrogaram 150 na iyod a kowace rana, mace mai ciki ko mai shayarwa kuwa 250.

Idan iyod ya yi ƙaranci, sai tiroyid ya kumbura don ya tsotso ɗan abin da ke cikin jini. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Ƙasarmu na nesa da teku, kuma gishirin gargajiya, irin kantun Bilma, ba a ƙara masa iyod. Bugu da ƙari, binciken da aka yi a Darfur ta Sudan cikin shekarun 1980 ya nuna cewa gero na ɗauke da wasu sinadarai masu rage aikin tiroyid idan iyod bai wadata ba. Ke nan abincinmu na yau da kullum ma ya shigo cikin maganar.

Ya kamata a lura cewa yawancin masu maƙoƙo hankalinsu garau yake. Matsala na tasowa ne idan ormon ya kasa ko ya yi yawa. Idan ya kasa, mutum ya dinga jin sanyi da kasala, maganarsa ta yi nauyi, mantuwa ta kama shi, ya rasa sha'awar komi. A 1949, likitan Ingila Richard Asher ya bayyana majinyata 14 da wannan rashi ya kai su ga hauka tuburan, kuma da dama cikinsu suka warware bayan an ba su ormon. Idan kuwa ya yi yawa, sai bugun zuciya, da gumi, da rama, da rashin barci, da saurin fushi. Wasu mata na samun irin wannan tangarɗa cikin shekarar farko bayan haifuwa. Mafi muni shi ne rashin iyod ga mai ciki, don ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta ginuwa daidai, kuma wannan illa ba ta gyaruwa daga baya.

3. Abin da kalmomi ke ɓoyewa

Mu ɗauki waɗannan jimloli da kowa ya saba ji:

(a) Jikina ya mutu.
(b) Zuciyata na faɗuwa.
(c) Ba ta cikin hayyacinta tun da ta haifu.
(d) Yaron nan dolo ne.

Jimla (a) za ta iya zama gajiyar noma, ko ƙarancin jini, ko kasawar tiroyid. Jimla (b) na nufin fargaba, amma tana iya zama ainihin bugun zuciya na yawan ormon, tunda kalmar zuciya a hausa ta haɗa tsoka da mazaunin tunani. Jimla (c) kan sa dangi su nufi malam ko ƴan bori. Jimla (d) kuwa ba ta kai yaro ko'ina, don ta mai da ciwo hali.

Wannan zamewar ma'ana ba a hausa kaɗai take ba. Kalmar faransanci crétin asalinta sunan masu wannan nakasa ne a duwatsun Alpes, inda maƙoƙo ya yi katutu, kafin ta koma zagi. Ƙasar Suwis ta soma sa iyod cikin gishiri a 1922, ciwon ya ja baya, zagin ya wanzu.

A ɗakin likita kuma akwai wani tarko. Idan mai fassara ya mai da (a) fatigue, ya mai da (c) folie, to ya riga ya yanke hukunci kafin likita ya taɓa wuyan majinyaci. Alhali awon jini guda, wanda ake kira TSH, ya isa ya nuna ko tiroyid na da hannu, kuma kasawarsa na da magani, ƙwaya ɗaya a rana.

4. Kammalawa

Ba mu ce kowane taɓin hankali daga abinci ko ormon yake ba. Dalilansa na da yawa. Abin da muke cewa shi ne, akwai wani kaso da ke warkewa, kuma kalma na iya hana a gano shi. Saboda haka muna ba da shawara biyu. Ta farko, ɗalibanmu su tattara kalmomin ciwo yadda ake faɗinsu a Maraɗi, Damagaram da Tawa, tare da jimlolin da suke fitowa ciki, don karin magana ya bambanta daga gari zuwa gari. Ta biyu, a koya wa masu fassara a gidajen likita su maimaita maganar majinyaci yadda ya faɗe ta, su bar wa likita aikin raɗa wa ciwon suna.