Ƙananan Dankali Ba Na Zubarwa Ba Ne: Romon Italiya A Tukunyar Manomi

Makon jiya na fita rangadi wajejen Bokkos, a kan tudun Jos, inda a ke tsakiyar haƙar dankalin Turawa na damina. Can na ga abin da na saba gani kowace shekara, amma bana ya tsaya mini a rai. Dillalai sun zo da motoci, sun zaɓe manya-manyan sun ɗura a buhuna, sun bar wa mai gona ƙananan da waɗanda fartanya ta sara. Na tambaye shi me zai yi da tsibin da ya rage, ya ce zai tsame na iri, iyali su ci abin da za su iya ci, wanda ya ruɓe kuwa a kai juji. Wata uku mutumin nan yana fama, ya sayi iri, ya sayi taki, ya yi feshi, sa'an nan wani kashi na guminsa zai ƙare a juji, don kurum mutanen gida sun gaji da cin dankali iri ɗaya kullum, dafaffe da mai da yaji.

Saboda haka yau zan ajiye zancen taki da feshi in leƙa madafa. Matan gida su yi mini gafara, ba shisshigi na ke yi ba, abin da aka noma ba a ci ba ai hasarar gona ce, hasarar gona kuwa aikina ce.

Sa'ad da mu ke makarantar aikin gona akwai wani malaminmu da ya yi karatu a Amurka, shi ya fara ba mu labarin wani romo da su ke sha a can lokacin sanyi, sunansa Zuppa Toscana, watau romon Toskana. Toskana wani lardi ne a tsakiyar ƙasar Italiya, babban birninsa Firenze. Abin da ya kawo sunan romon nan bakin jama'a a Amurka shi ne gidajen abinci na Olive Garden, waɗanda aka buɗe na farkonsu a birnin Orlando cikin 1982. Kayan haɗinsa dankalin Turawa ne, da albasa, da tafarnuwa, da wani ganye ɗan'uwan kabeji wanda ba ya ƙulla kai, da sosej, watau niƙaƙƙen nama da a ke cuɗawa da kitse da gishiri da kayan yaji a ɗura cikin hanji. Daga ƙarshe a zuba kirim, watau man nan da ke tasowa saman madara in ta kwana, wanda matan Fulani ke kaɗawa su fid da man shanu. In kuna son ku gane kamanninsa, ku ɗauka ya fi farfesu kauri, bai kai faten dankali ba, kuma fari ne.

Abin mamaki, manoman Toskana su kansu ba haka su ke yin nasu ba. Romonsu na gargajiya abincin talaka ne: wake, da ganye, da busasshen burodin jiya, da ɗan man zaitun, ba kirim a ciki. Da ya haye teku ya isa Amurka ne aka loda masa maiƙo. To, mu da za mu yi a gida, hanyar manoman nan ta fi kusa da mu, ta kuma fi lafiya.

Ga inda aibin na Amurka ya ke. Sosej ɗinsu na naman alade ne, wanda Musulmi ba ya ci, kuma ko wanda addininsa bai hana shi ba, ya san kitse da gishiri ne cunkushe a ciki. Cikin 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa, irin su sosej, cikin abubuwan da yawan cinsu ke kawo ciwon daji na hanji. Kirim kuwa, wanda su ke kira mai nauyi, aƙalla kashi 36 cikin 100 nasa mai ne, alhali madarar shanu ta kanti ba ta wuce wajen kashi 3 da rabi ba. Ashe kofi 1 na kirim ya ɗauki man da ke cikin kofi 10 na madara ke nan. Irin man nan shi ne likitoci ke cewa yawansa yana toshe hanyoyin jini.

Tambayar ita ce, in an cire kirim me zai ba romon kauri? Amsar tana cikin tsibin nan da dillalai suka bari. Dankali cike ya ke da sitaci, in ya nuna aka murƙushe shi cikin ruwan zafi sai ya saki sitacin, ruwan ya yi kauri, ya yi laushi a baki kamar an zuba mai, alhali cikin gram 100 na dankali man da ke ciki bai kai rabin gram ba. Ƙananan kuwa sun fi dacewa da wannan aiki, gama suna saurin nuna, kuma ba wanda zai dubi girmansu bayan an murƙushe. Wanda fartanya ta sara ma ba ya ajiyuwa, ta wurin saran nan ruɓa ke shiga, har ya shafi na kusa da shi cikin ɗakin ajiya. Shi ya kamata a fara ci cikin kwanakin farko bayan haƙa.

To, ga yadda mu ke yi a gidana, don mutum shida ko bakwai.

A nemi dankali kilo 1 da rabi, a wanke shi sarai. In sabon haƙa ne kada a fere, a murza da hannu kawai, bawon siriri ne, shi zai fita da kansa. Kada kuma a yanka a jiƙa cikin ruwa tun da safe kamar yadda waɗansu ke yi, gama bitamin C da ke cikin dankali ruwa ya ke bi, in an zubar da ruwan an zubar da shi. Wannan ma wani amfanin romo ne a kan dafaffen dankali da a ke tsiyayewa: abin da ya fita daga dankalin yana nan cikin tukunya, za a sha shi.

Nama rabin kilo ya isa, na sa ko na rago ko na akuya, ko ma kaza in an cire fatar. A ce wa mahauci tsoka a ke so, ya kuma ba da ƙashi daban. A yanke farin kitsen da a ke gani, a sassara naman ƙanana, a daka a turmi ko a kai inji. Wannan shi zai zama sosej ɗinmu, ba sai an nemi hanji ba, don ko a Amurka farke hanjin su ke yi su zazzage naman cikin tukunya. A cuɗa shi da tafarnuwa dakakkiya, da masoro, da citta, da barkono gwargwadon bakin mutanen gida, da gishiri ɗan kaɗan, a rufe a ajiye a wuri mai sanyi kamar rabin sa'a don yajin ya kama. Ƙamshin da aka san sosej na Italiya da shi daga wani iri ya ke fitowa wanda Larabawa ke kira shamar. Wanda ya same shi wajen masu sayar da kayan ƙamshi ya sa ƙaramin cokali ɗaya, wanda bai samu ba kada ya damu, masoro da citta sun wadatar.

Kafin nan an riga an ɗora ƙashin nan da ruwa wajen lita 2 da albasa guda, ya yi ta tafasa. In an sauke a bar shi ya huce kaɗan, man zai taso sama, a kwashe shi da ludayi. Sa'an nan a ɗora wata tukunya da man gyaɗa babban cokali 2, ba fiye ba, a soya naman ana fasa shi da muciya har jan ya ɓace sarai. Niƙaƙƙen nama ba kamar tsoka guda ba ne, lalle ya nuna har ciki. In ya fid da mai a karkata tukunyar a tsiyaye. A zuba yankakkiyar albasa biyu, in ta yi laushi a juye ruwan ƙashin, a zuba dankalin da aka yanka falle-falle. Minti 15 zuwa 20 ya nuna. A tsame kamar kashi ɗaya cikin uku, a murƙushe da bayan ludayi har ya yi sumul, a mayar cikin tukunya a motsa. Nan take za ku ga romon ya sāke.

Ganye kuwa, ba sai mun nemi na Turawa ba. Alayyafo ya yi, zogale ya yi, haka ganyen kabeji na waje, koren nan da masu lambu ke ɓarewa su jefa wa awaki, alhali ya fi farin cikin amfani a jiki. A yanka da yawa, kamar cikin kwano guda, a zuba daga ƙarshe, minti 5 ya isa. Amma ku ji wannan da kyau: ganyen dankalin Hausa a ke ci, ganyen dankalin Turawa ba a ci, akwai guba a cikinsa. Suna ne kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne. Dankalin Turawa ɗan'uwan tumatir ne da gauta, asalinsa daga duwatsun Andis na Amurka ta Kudu.

Saura madara, kuma a nan ne na sha kunya. Ran da na fara gwadawa na ce wa mai ɗakina ta koma gefe ta ga aikin masu ilmi. Na ɗauki kindirmo na juye cikin tukunya tana tsakiyar tafasa, sai ga shi ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar awara, ruwa gefe ɗaya. Ba ta ce kome ba, ta dai tambaye ni ko wannan ma a makarantar aka koya mana. Daga ranar na gane: madara kofi 2 a ke sa wa, bayan an janye wuta, a zuba a hankali ana motsawa, kada a bari ta sāke tafasa. Wanda ya fi son ɗan tsamin kindirmo ya zuba cokali biyu cikin kwanonsa bayan an raba. In madarar daga ruga ta zo, a tafasa ta daban tukuna, gama ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka da ta bakkale. In ta huce a yaye man da ya taru a sama. Madarar shanunmu ta fi ta kanti mai, don haka yayewar ba ta rage mata daɗi.

Zancen gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada abin da babban mutum ke ci a yini ya kai gram 5, watau bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, duk da wanda ke cikin sauran abinci. Dunƙulen magi kuwa wajen rabinsa gishiri ne, saboda haka mai jefa huɗu ko biyar a tukunya, sa'an nan ya ƙara gishiri, ya san hawan jini ya ke gayyata. Ruwan ƙashi da tafarnuwa sun riga sun ba da ɗanɗano. A ɗanɗana tukuna bayan an zuba madara, in da bukata a ƙara kaɗan. Mai ciwon sukari ya rage dankalin a kwanonsa ya yawaita ganye, mai ciwon ƙoda kuwa ya tambayi likita kafin ya saba da shi.

Akwai dankalin da bai kamata ya shiga tukunyar nan ba ko kaɗan. Wanda rana ta buga ya yi kore yana tara wata guba da a ke kira solanin, tana sa amai da zawo da ciwon kai, kuma dafuwa ba ta kashe ta. In koren kaɗan ne a yanke shi da zurfi, a ƙwaƙule idon da ya tsiro. In ya game jikin dankalin, ko aka ji ɗaci a baki, a zubar, kada a ba yara, kada a ba dabbobi. Maganin wannan tun daga gona ya ke: a riƙa tara ƙasa a gindin shuka don kada 'ya'yan su leƙo waje, in an haƙa kuma na ci ya zauna a ɗaki mai duhu mai shan iska. Na iri shi a ke shimfiɗawa inda haske ke shiga don ya fid da tsiro gajere mai ƙarfi, shi ya sa ya ke yin kore. Kada uwargida ta ɗiba daga cikinsa in na ci ya ƙare, balle in an zuba masa magani.

Romon nan da zafinsa a ke sha, da burodi ko shi kaɗai, ya fi daɗi da daren hunturu, lokacin da dankalin rani ke fitowa. Tun da akwai madara da nama a ciki, inda ba firiji kada a bar shi ya kwana, a dafa daidai cikin mutanen gida, in ya yi saura a miƙa wa maƙwabta tun da ɗuminsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan yi bayanin yadda a ke gina ɗakin ajiyar irin dankali da kara da ciyawa, da yadda a ke jera shi a kan katako don kada ya ruɓe kafin lokacin shuka.