Tsohon Ma'aunin Albarushi a Hannun Maharban Amurka

Shirinmu na yau zai kai mu Amurka, inda tun ƙarni na 19 maharba da masu gasar harbi suka saba tsince kwanson harsashi bayan sun harba, su goge shi, su sake ɗura masa albarushi, saboda tsimi da kuma neman harbin da ba ya kuskure.

A shekarar 1884 ne John Barlow, wanda ya yi aiki a masana'antar Winchester, ya kafa kamfanin Ideal a birnin New Haven don ƙera kayan wannan sana'a, kuma bayan da kamfanin Lyman ya saye shi a 1925, sai aka ci gaba da kyautata ma'auninsa na albarushi har aka kai ga samfurin nan mai lamba 55, wanda har gobe ake gadonsa daga kaka zuwa jika. Jikinsa ƙarfen zubi ne, da mazubi a bisa, a ƙarƙashi kuma akwai ganga mai rami wadda ake juyawa da hannu, da 'yan sanduna uku masu zamewa da ke faɗaɗa ramin ko su ƙuntata shi, sa'an nan da wata 'yar guduma a gaba da ake ƙwanƙwasawa domin garin ya zauna.

To, a nan ne ya kamata mu tsaya mu yi nazari. Malaman fiƙihu, a babin ciniki, sun daɗe da rarrabe abin da ake aunawa da mudu da abin da ake ɗorawa a mizani, alhali kuwa wannan ma'auni, duk da kyan ƙirarsa, mudu ne kawai, cika yake aunawa ba nauyi ba, shi kuwa albarushi da nauyinsa ake hukunta ƙarfinsa, da awon da ya samo asali daga ƙwayar sha'ir, wanda 7,000 nasa ne ke cika laba guda. Gari mai fale-fale, da mai dunƙule-dunƙule, da mai kama da guntayen tsinke wanda bakin ganga kan datse, kowanne da yadda yake kwanciya a rami ɗaya, har ma sauyin ƙarfin hannu wajen juyawa yana iya sauya abin da ya zubo.

Wani abin da ya fi wannan hatsari shi ne alƙaluman da aka zana a jikin tsofaffin ma'aunai, domin da yawansu an yi su ne don baƙin albarushi na da, mai yawan hayaƙi, ba don marar hayaƙi ba, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, wanda kuma kaɗan daga cikinsa ya ninka wancan ƙarfi. Baƙin albarushi yakan cika kwanso, ta yadda ƙari ba ya ɓuya ga ido. Marar hayaƙi kuwa, a wasu harsasan, sai a zuba awo biyu cikin kwanso ɗaya bisa rafkana bai tumbatsa ba, bindiga ta tarwatse a hannun mai ita. A ganina, duk wanda ya dogara da zanen nan ba tare da mizani ba, ya yi ganganci da ransa da na wanda ke tsaye kusa da shi.

Saboda haka ƙwararru, idan tsohon ma'auni ya zo hannunsu, sukan kwance shi, su kankare tsatsa, su share maiƙo sarai domin gari yana manne masa, su zuba awo da yawa a jere suna ɗora kowanne a mizani, suna gwada shi da littafin awo na wannan zamani, kafin su amince. Ba sa ajiye gwangwanin albarushi biyu a kan teburi lokaci guda, kuma idan aiki ya ƙare sukan juye ragowar garin cikin gwangwaninsa na asali nan take, don albarushin da ya kwana a mazubi yana cin robarsa, kuma washegari babu mai iya shaida irinsa da ido.