Baga: Garin da ya ƙara wa hafsa ɗaya girma, ya rage wa ɗaya

Ranar 3 ga Janairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka mamaye sansanin rundunar haɗin gwiwa da ke Baga, a bakin Tafkin Chadi. Kwamandan sansanin, Birgediya Janar Enitan Ransome-Kuti, ya janye da mutanensa. A watan Oktoba na shekarar kotun soja ta yanke masa ɗaurin wata shida tare da korarsa daga aiki. Daga baya Majalisar Sojin Ƙasa ta sassauta hukuncin, ta mayar da shi muƙamin Kanar.

Hujjar da lauyansa, Femi Falana, ya riƙa kafawa ita ce ba a ba sansanin makaman da zai tsaya da su ba. Ba shi kaɗai ya faɗi haka ba. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Alex Badeh, ya amsa a jawabinsa na bankwana a watan Yulin 2015 cewa rundunar da ya jagoranta ba ta da isassun kayan yaƙi. Amma ba wanda ya gaza kai makaman aka fara gurfanarwa ba, wanda aka tura ya tsare garin aka gurfanar.

A watan Fabrairu aka ƙwato Baga, kuma cikin waɗanda suka ja tankokin yaƙi zuwa garin akwai wani Manjo mai suna Muhammad Abu Ali. A watan Satumba Laftanar Janar Tukur Buratai ya liƙa masa anini na Laftanar Kanar a Gamboru Ngala, kafin lokacin da ƙa'ida ta tanada.

Domin a gane nauyin wannan, sai an san yadda hafsa ke hawa. Jarumta kaɗai ba ta isa. Sai ya cika shekarun da aka ƙayyade a kan muƙami, ya ci jarrabawar ƙarin girma, ya halarci kwas a Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi da ke Jaji, sannan rahoton da na gaba da shi ke rubutawa duk shekara ya fito tas. Ko bayan haka sai da gurbi. Wanda aka yi ta tsallakewa, ko shekarunsa suka zarce na muƙaminsa, ritaya ce ke jiransa ko yana so ko ba ya so.

A nan filin daga ke cutar mutum ta inda ba a gani. Hafsan da ya daɗe a ramin tsaro, cikin ƙura da zullumin nakiyoyin da aka binne a hanya, ba shi da sukunin karatun jarrabawa irin na takwaransa da ke ofis a Abuja. Kuma shi ne zai amsa tambaya idan tanka ta faɗa hannun abokan gaba, shi ne zai kalli idon yaransa idan alawus ya makara ko hutu ya gagara. Irin wannan ƙorafi na daɗewa a daga ne ya sa sojoji harbi sama a filin jirgin Maiduguri a watan Agustan 2018.

Sabon aninin bai fitar da Abu Ali daga Borno ba. Ranar 4 ga Nuwamban 2016 aka kashe shi a Malam Fatori tare da wasu sojojinsa, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan an liƙa masa shi.